Yadda Ake Sassaƙa Baka da Tufka Tsirkiyarsa a Gida

Kafin bindiga ta yawaita a hannun maharba, kwari da baka ne makamin da ake fita farauta da shi, kuma da shi ake tsare gari. A yaƙin Tabkin Kwatto na shekarar 1804, 'yan baka ne ƙashin bayan rundunar jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ta tari dawakin Gobir, kuma har yau shugaban maharba a garuruwa da dama Sarkin Baka ake ce masa. Sarautar tana nan, amma masu iya ɗaukar ɗanyen itace su mayar da shi baka sun yi ƙaranci, har ta kai yawancin bakunkunan da ake gani a kasuwa na ado ne, waɗanda ba za su jure ja goma ba. Wannan jagora ta shafi baka mafi sauƙi, wato na itace guda wanda ba a haɗa shi da ƙaho ko ƙarfe ba, tare da tsirkiyar da za a ɗaura masa. Kayan aikin ba su da yawa: gizago ko adda mai kaifi, wuƙa, magagari, fasasshiyar kwalba, tef na awo, gawayi ko fensir, da sikelin rataye irin na masu awon nama. Abin da ya fi kayan aiki wuyar samu shi ne haƙurin kankara, domin gizago yana gama nasa aikin cikin yini ɗaya, sauran kwanakin duka na wuƙa ne da ido.

Zaɓen itace

Baka yana bukatar itace mai nauyi, mai tauri, wanda idan an tanƙwara shi aka saki zai koma yadda yake. A dajinmu dargaza da ɗunɗu suna cikin waɗanda aka daɗe ana yin baka da su, kuma gora mai kaurin jiki tana yin aiki sosai. Kanya, marke da kurna su ma suna da taurin da ake nema, sai dai samun miƙaƙƙen reshe a jikinsu yana da wuya. Itatuwa masu laushi irin su rimi, kuka da ararraɓi ba su da amfani a nan ko kaɗan. Katakon da aka yanka da inji ma ban ba mai koyo shawarar farawa da shi ba, saboda zarto yana ratsa zaren itacen ba tare da bin hanyarsa ba, kuma a inda zaren ya yanke a nan baka yake karyewa.

A nemi sanda miƙaƙƙiya mai kaurin santimita 4 zuwa 5, wato kusan kaurin wuyan hannun babban mutum, mai tsawon da ya kai tsayin wanda zai yi harbi da ita, kamar santimita 165 zuwa 175. Bakan maharbanmu na gargajiya ya fi haka gajarta domin ya yi daɗin shiga sarƙaƙiya, amma gajeren baka ba ya yafe kuskure, shi ya sa mai koyo ya kamata ya fara da dogo. Ƙa'idar da ake bi ita ce tsawon baka ya ninka nisan jan mai shi sau biyu, a ƙara da tsawon mariƙi. Babban mutum yakan ja kimanin santimita 70, don haka santimita 165 ta wadatar. A zagaya sandar da ido kafin a sare ta. Idan ɓawonta yana murɗewa kamar igiya, to zaren cikinta ma a murɗe yake, a bar ta. Haka nan a guje wa wadda take da gurbin rassa da yawa ko hudar ƙwaro. Ba sai an faɗa ba, itacen da ke gonar wani sai da izininsa, na gandun daji kuwa sai da izinin hukuma. Ya kyautu a saro biyu ko uku, domin da wuya bakan farko ya rayu.

Busarwa

Da zarar an saro sandar, a shafe bakunanta biyu da narkakken kakin zuma, ko gam na kafintoci, ko tsohon fenti. Dalili shi ne ruwan itace ya fi saurin fita ta inda aka yanke, kuma idan bakin ya riga ciki bushewa sai ya tsage, tsagar ta bi sandar har ta lalata taƙi guda ko fiye. A ɓare ɓawon tun yana ɗanye, lokacin da yake saɓulewa da hannu, kuma a yi amfani da bayan wuƙa ko ɗan itace mai faɗi wajen ɗaga shi. Fuskar da ke ƙarƙashin ɓawon ita ce za ta zama bayan baka, wato gefen da ke kallon abin harbi, kuma ita ce take ɗaukar dukan miƙewa idan an ja. Wannan fuska ba a sare ta, ba a kankare ta, ba a yi mata ko ƙwarzane. Bakana na farko ya karye ne a daidai wata 'yar shaida da bakin wuƙa ya bari lokacin da nake ɓare ɓawo, shaidar da ba ta kai tsawon farce ba. Ya yi ja kusan talatin lafiya, sannan wata safiya ya yi ƙara ya rabu biyu, guntun sama ya dake ni a goshi.

A ajiye sandar a inuwa, a kwance a kan abin da ya ɗaga ta daga ƙasa saboda gara, a wurin da iska ke ratsawa amma ba ta bugawa kai tsaye. Iskar hunturu tana busar da itace da gaggawar da ke tsaga shi, don haka wanda ya sare a wannan lokaci ya shigar da sandarsa cikin ɗaki, ya shafe bayanta da ɗan man kaɗe. Sanda mai wannan kauri idan an bar ta yadda take za ta iya cin shekara kafin ta bushe har ciki. Hanyar rage jira ita ce a fara sassaƙe ta tun tana ɗanya, a rage gefen ciki, wato wanda zai kalli maharbi, har kaurin ya dawo kamar santimita biyu da rabi, sannan a ɗaure ta a jikin miƙaƙƙen katako don kada ta karkace. Da haka makonni shida zuwa takwas sukan isa. Ana gane ta bushe ne ta hanyar auna nauyinta duk bayan kwana uku. Idan nauyin ya daina raguwa har tsawon mako biyu, to ta shirya. Ɗanyen itace ba a gwada jansa, domin zai tanƙware ya zauna a tanƙware, kuma baka irin wannan ba ya tura kibiya.

Idan akwai ɗan karkace a sandar, ana gyara shi da zafi. A shafa wa wurin mai, a riƙa juya gefen ciki a saman garwashi, nesa da harshen wuta, har ya yi zafin da hannu ba zai iya riƙewa ba, sannan a danna shi a gwiwa ko a tsakanin rassan bishiya, a wuce miƙewar da ake so da kaɗan, a riƙe har ya huce. Bayan gashi a ba itacen kwana biyu ya huta kafin a ci gaba.

Fitar da siffa

A ja layi da gawayi a tsakiyar bayan sandar daga kai zuwa kai, ana bin zaren itacen ko da ya ɗan yi lanƙwasa, domin layin da ya bi zare ya fi layin da ya bi tef ƙarfi. A auna tsakiya, a ware santimita 10 zuwa 12 domin mariƙi. Daga mariƙi zuwa rabin kowane ɓangare a bar faɗin kusan santimita 4, ko iyakar abin da sandar ta bayar, daga nan a riƙa tsukewa a hankali har faɗin ya dawo santimita ɗaya da rabi a kai. Kauri kuwa ya fara daga kamar santimita 2 kusa da mariƙi ya sauka zuwa ɗaya da 'yan kai a ƙarshe, kuma duk ragin daga gefen ciki za a yi shi, wato gefen da ke kallon maharbi. Inda mariƙi ya haɗu da ɓangarorin biyu a yi gangare mai laushi, kada a bar mataki. Idan an ci karo da gurbin reshe, a bar masa ƙarin nama a kewaye, kada a nemi daidaita shi da sauran jiki. Wanda ya zaɓi gora zai tsaga ta ne, ya mayar da fatar waje bayan baka, kuma kada ya aske gaɓoɓinta ta waje don neman santsi.

Akwai wani lissafi da ya kamata ya zauna a kan mai sassaƙa kafin ya ɗauki wuƙa. Idan aka ninka faɗin itace, ƙarfinsa ninki biyu yake ƙaruwa, amma idan aka ninka kaurinsa, ninki takwas yake ƙaruwa. Ma'anar wannan ita ce ɗan abin da aka kankare daga kauri, wanda ido ma ba ya gani, yana sauya baka fiye da yadda ake zato. Saboda haka da zarar sandar ta fara ɗan motsi idan an kafa kanta a ƙasa an danna, a ajiye gizago gaba ɗaya.

A ƙarshe a yanka gurbin tsirkiya a gefe da gefen kowane kai, kamar santimita 2 daga ƙarshe, a karkace zuwa gefen ciki, da ƙaramin magagari. Kada gurbin ya ratsa ta bayan baka.

Daidaita tanƙwara

Nan ne ake yin baka ko a rasa shi. Abin da ake nema shi ne kowane taƙi na itacen ya ɗauki rabonsa na tanƙwara, ta yadda idan an ja, bakan zai yi kama da jinjirin wata, babu wurin da ya sandare kuma babu wurin da ya karye kamar gwiwa. Domin ganin haka ana bukatar sandar gwaji: katako mai tsawon santimita 80, a yi masa baki a sama inda mariƙi zai zauna, a yanka masa gurabe duk bayan santimita 5, a rubuta nisan kowanne daga bayan baka. A ɗaura wa bakan doguwar igiya mai ƙwari wadda take sako-sako, a ɗora shi a bakin katakon, a jawo igiyar zuwa gurbi na kusa, a jingina shi da bango mai haske, sannan a ja da baya taku huɗu a duba. Daga nesa ake ganin aibi. Wasu sukan zana layuka a bangon domin su kwatanta ɓangarorin biyu, wasu kuma a yanzu sukan ɗauki hoto da waya su duba a natse, kuma ni na ga amfanin wannan, domin kada a bar baka a ɗane a kan katakon fiye da 'yan daƙiƙu.

Duk wurin da ya ƙi tanƙwara a shafa masa gawayi a gefen ciki. Duk wurin da ya fi sauran tanƙwara a yi masa alamar kada a taɓa. A sauke bakan, a kankare wuraren gawayin da bakin kwalba ko wuƙar da aka tsayar a miƙe, ana jan dogon ja, kamar sau goma zuwa ashirin, ana ƙirgawa. Abin da ke fita ya zama siririn sassaƙe mai naɗewa kamar ɓawon albasa. Bayan kowace kankara a ja igiyar a saki a hankali sau ashirin ko talatin zuwa iyakar da aka riga aka kai, domin itace ba ya nuna sakamakon ragi nan take, sai an motsa shi. Wanda ya tsallake wannan zai ga kamar kankarar ba ta yi komai ba, ya ƙara, daga baya wurin ya faɗa gaba ɗaya. Wani tsohon maharbi da na taɓa zama kusa da shi yana wannan aiki yakan rufe ido ya bi cikin bakan da babban yatsa da manuni, ya ce yatsa yana riga ido jin inda nama ya taru, kuma na gwada na tarar haka ne.

Wurin da ya yi rauni ba shi da magani sai a rage duk sauran jikin ya dawo daidai da shi, wanda ke nufin bakan zai fito da ƙarancin ƙarfi. Wannan ya sa tun farko ake yanke shawarar ƙarfin da ake so. Ga mai koyo kilo 12 zuwa 15 a cikakken ja ya isa, kuma a ganina wanda ya nemi fiye da haka a bakansa na farko yana neman karaya ne. A maƙala sikeli a igiyar duk lokacin da za a ja, kuma ko sau ɗaya kada a wuce wannan nauyi. Idan sikeli ya nuna kilo 15 tun a santimita 30, a tsaya a nan, a kankare ɓangarorin biyu daidai wa daida, a sake gwadawa. A haka nisan zai riƙa ƙaruwa, nauyin yana nan inda yake. Lokacin da kawunan suka fara sauka kamar santimita 15, a cire doguwar igiyar a sa gajeriya wadda za ta ɗana bakan kaɗan, a duba ko ta ratsa ta tsakiyar mariƙi. Idan ta kauce gefe guda, a ɗan rage kan bakan ta gefen da ta kauce zuwa gare shi ko a gyara da zafi. A ci gaba da haka har a kai santimita 70. Yana da kyau ɓangaren ƙasa ya ɗara na sama ƙarfi da ɗan kaɗan, ta yadda tazarar tsirkiya da itace a sama za ta fi ta ƙasa da kamar milimita 3. Wannan mataki yakan ci kwana uku zuwa mako guda, kuma gara a yi shi da safe, a tashi da zarar an ji gajiya.

Idan an gama, a goge gefuna su yi laushi, a bi ciki da takardar goge katako, sannan a shafe bakan duka da man kaɗe ko kakin zuma mai ɗumi, a murza da tsumma, a maimaita sau uku a kwanaki daban-daban. Mariƙi ana iya naɗe shi da jemammiyar fata.

Tsirkiya

Tsirkiya tana bukatar ƙwari da rashin miƙewa, kuma ƙarfinta ya ninka na bakan sau huɗu zuwa biyar. Ta gargajiya da ɗanyar fata ake yin ta. A samu fatar akuya wadda ba a jeme ba, domin jemammiya tana miƙewa. A jiƙa ta a ruwan toka na 'yan kwanaki har gashin ya fara zuba, a kankare shi, a ɗauraye sosai, a shanya a miƙe. Daga nan a fara yanka daga gefe ana zagayawa zuwa tsakiya, ana fitar da zare guda mai faɗin kamar milimita 6 zuwa 8, a kauce wa fatar ciki da ta hammata saboda sirantarsu. Zaren ya ninka tsawon baka sau biyu da rabi. A jiƙa shi ya yi laushi, a murɗa shi ta gefe guda har ya fara neman naɗewa, a ninka biyu a bar shi ya tufke kansa, sannan a rataye shi a inuwa da dutse mai nauyin kilo 3 zuwa 5 a ƙasa, ana ƙara murɗawa yayin da yake bushewa. Bayan kwana biyu ko uku a shafa masa ɗan mai. Aibinta ɗaya ne: da damina tana shan laima ta saki.

Wanda ya fi son zaren tsiro, moda ta fi rama ƙwari, ko da yake rama mai kyau ma tana yi idan an ƙara kauri. Ana kankare ganyen moda har farin zaren ya fito, a wanke a shanya. Na zamani kuwa, zaren foliyesta mai kauri irin wanda dukawa ke ɗinkin takalma da shi ya fi igiyar lailon, domin lailon yana miƙewa kamar roba ya cinye ƙarfin harbi. Ko wanne aka zaɓa, a gwada sili guda tukuna: a ɗaura masa bokiti, a riƙa zuba ruwa lita-lita har ya tsinke, kowace lita kilo guda ce. Idan ya tsinke a kilo 6, bakan kuma na kilo 15 ne, ana bukatar sili 12.

A yanka silin su ɗara bakan da santimita 40, a raba su gida biyu, a murza wa kowane gida kakin zuma har ya manne. Tufkar irin ta igiya ce da kowa ya sani: a murɗa gida ɗaya zuwa waje, a ɗora shi a kan ɗan'uwansa zuwa ciki, a ɗauki ɗayan a yi masa haka. Domin yin zoben sama, a bar santimita 20 daga baki, a tufka kamar santimita 8, a lanƙwasa wannan tufkar ta zama zobe, a haɗa kowane guntun wutsiya da dogon gida guda, a ci gaba da tufka su tare har wutsiyoyin su ɓace a ciki. Da zaren tsiro, ƙarin sabon zare a riƙa yin sa a wurare daban-daban, kada gida biyu su yi mahaɗi a wuri ɗaya. Ƙasan tsirkiyar ba ya bukatar zobe; a zagaya kan bakan da ita, a zagayo jikinta, a murɗa wutsiyar a kan kanta sau uku ko huɗu, ƙullin da ke ƙara kamawa idan an ja kuma yana kwancewa cikin sauƙi idan ana son gyara tsawo. A naɗe tsakiyar tsirkiya da siririn zare tsawon taƙi guda, inda yatsu da gindin kibiya ke cin ta.

Ɗanawa da harbin farko

A zura zoben ya sauka ƙasa da kan sama, a tokare kan ƙasa a cikin tafin ƙafa, a jawo mariƙi da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana tura kan sama yana tura zoben har ya faɗa gurbinsa, fuska kuma a kawar da ita gefe. Tazarar tsirkiya da mariƙi ta zama dunƙulen hannu da babban yatsa a miƙe, kimanin santimita 15. Sabuwar tsirkiya za ta saki a kwanakin farko, sai a ƙara mata murɗi ko a matsa ƙullin ƙasa.

A fara da rabin ja, da kibiyar kyauro mai tsawon da ya wuce jan mai harbi, a harbi buhun da aka cusa wa tsumma ko ƙaiƙayi, a wurin da babu mutum ko dabba a bayansa. Kada a taɓa sakin tsirkiya babu kibiya, domin ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiyar zai koma cikin itacen. Kada kuma a ba wanda ya fi mai shi tsawon hannu ya ja. Bayan harbi a kwance tsirkiya, a rataye bakan a kwance a kan ƙusa biyu, nesa da rana da murhu. Idan bayan an kwance ya zauna da 'yar lanƙwasa ta yatsa biyu, wannan ba komai ba ne. A tsakiyar hunturu itacen yakan bushe fiye da kima, don haka a ƙara masa mai, a kuma ɗumama shi da ƙananan ja kafin a cika. Duk ranar da aka ji ya yi wata 'yar ƙara lokacin ja, a sauke a hankali, a bi bayansa da auduga. Inda audugar ta maƙale, sili ne ya ɗaga. Idan ƙarami ne ana iya cika shi da gam a naɗe wurin da zare tam, idan kuwa tsagar ta ratsa faɗin bayan, a cire tsirkiyar a ajiye ta domin sanda ta biyu da ke bushewa a ɗaki.